Sauyin Jin Fata ga Masu Ciwon Jijiyar Fuska: Abin Lura ga Masu Duba Marasa Lafiya a Illela

Kalmar "ji" a Hausa faffaɗa ce ƙwarai, domin da ita ake faɗin abin da kunne ya ɗauka, da abin da fata ta samu, har da abin da hankali ya fahimta, saboda haka idan ma'aikacin lafiya ya tambayi mai ciwon fuska ko yana ji, amsar "ina ji" ba ta warware komai ba. Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana cewa halin da fata ke ciki a tsakanin tashin ciwo da tashinsa hujja ce da ba ta kamata a yi sakaci da ita ba.

Jijiya ta biyar daga jijiyoyi goma sha biyu da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa tana da rassa uku, na goshi da ido, na kunci, da na muƙamuƙi. Illar da ke kama ta, wadda Nicolas André na Faransa ya siffanta a 1756, John Fothergill na Ingila kuma ya faɗaɗa bayaninta a 1773, wata suka ce mai kama da walƙiya a ɓari guda na fuska, galibi na dama, wadda ba ta cika wuce minti biyu ba, ta kuma fi yawa ga mata da waɗanda suka haura hamsin. A 1959 masu bincike Kugelberg da Lindblom suka tabbatar da wani abin al'ajabi, wato shafa mai taushi ta fi tsunguli tayar da ciwon, kuma bayan ya lafa akwai ɗan lokacin da taɓawa ba ta sake tayar da shi.

A gari irin Illela, inda iskar hunturu ke kwararowa ta wajen garin Ƙonni tana dukan fuskar ɗan acaɓa tun asuba, wannan bayani ba baƙo ba ne. Mai ciwon yakan naɗe rawani har bisa hanci, ya bar asuwaki, ya tauna tuwo da gefe guda, ya tsaya gaban buta yana shakkar kai ruwan alwala kuncinsa. Ko taimama ba ta raba shi da shafar fuska ba, amma wannan mas'ala ce ta malaman fiƙihu. Da yawa kuma sai sun rasa haƙori lafiyayye kafin a gane asalin cutar.

An daɗe ana ɗaukar cewa jin fatar waɗannan bayin Allah daidai yake, har wani mai bincike, Nurmikko, ya nuna a 1991, da ma'auni masu kaifi, cewa ɓarin da ke ciwo yana da ƙarancin jin taɓawa da na ɗumi, ƙarancin da mai shi bai ma san da shi ba. Sababin ciwon a mafi rinjayen ra'ayi jijiyar jini ce da ke danne tushen jijiyar har rigarta ta goge, ra'ayin da a kansa likita Jannetta ya gina tiyatarsa tun daga 1967.

Abin da ke biyo baya, a ganina, shi ne ma'aunin da ya dace da ƙaramin asibiti. A sa mara lafiya ya rufe ido, a taɓa goshi da kunci da haɓa da auduga, da tsinke, da bayan cokali mai sanyi, ana gwama dama da hagu, ana tambayar wane ɓari ya fi. Idan waɗannan kayan ba su nuna bambanci ba, hakan ya dace da ciwon da aka saba, wanda maganin kabamazefin ke kwantarwa tun da likita Blom ya gwada shi a 1962. Idan kuwa auduga kaɗai ta isa ta tona cewa fata ta mutu, ko ido bai ƙifta ba da aka taɓa shi, ko mai ciwon matashi ne, to sai a yi zaton ƙari, ko kuturta, ko wata illa a ƙwaƙwalwa, a rubuta masa takarda zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ba tare da jinkiri ba.