Wa Ke Tura Dutse Bayan Ya Bar Hannu?

A hutun da ya wuce, wani ƙanena da ke aji huɗu na sakandare ya same ni da littafinsa na fiziks, ya ce in yi masa tishi domin jarrabawa ta ƙarato. Na ce ai ni tun da na bar sakandare na yi sallama da wannan fanni, na kama Hausa. Da ya matsa, sai na ce to, kawo mini dokar Niyuton ta farko. Yaro ya zubo ta da Turanci kamar mai biya hadda, ko numfashi bai ja ba. Ma'anarta dai ita ce, abin da ke tsaye zai dawwama a tsaye, wanda ke tafiya kuma zai yi ta tafiya sak da gudun da yake yi, sai fa in wani abu daga waje ya taɓa shi. Muna cikin haka sai ga mai ruwa ya wuce ta ƙofar gida da amalankensa. Na ce, in mutumin nan ya hankaɗa amalanken ya sake shi, me zai faru? Ya ce zai ɗan gangara ya tsaya. Na ce don me? Ya ce, "Yaya, ai ƙarfin da ya sa masa ne ya ƙare."

To, nan fa na ga abin da ya dame ni, domin amsar nan ta rushe dokar da ya gama biyawa, shi kuwa bai sani ba. Ni ma haka na ci jarrabawar wannan darasi ba tare da na gaskata shi ba. Da na dawo makaranta na shiga laburare, sai na tarar amsar yaron tana da asali. Wani malami a birnin Iskandariyya ya ba da ita kimanin shekara 1,500 da suka wuce, kuma a zamaninsa babban ci gaba ne. Wannan shi ya sa na ga ya kamata in kawo wa 'yan'uwa ɗalibai labarin yadda aka sha fama kafin a kai ga layi biyun nan da ake ba yara su haddace.

Maganar ta faro daga Aristotal, masanin nan na ƙasar Girka da ya rayu daga 384 zuwa 322 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Shi ya kasa motsi gida biyu. Akwai na ɗabi'a, kamar faɗowar dutse ƙasa da tashin hayaƙi sama, kowa na neman gidansa. Akwai kuma na tilas, kamar jan kaya, wanda a ganinsa ba ya yiwuwa sai da mai turawa ko mai ja yana manne da abin. In mai ja ya daina, tafiya ta ƙare. Duk wanda ya taɓa kora jaki ya san wannan magana ta yi kama da gaskiya. Amma akwai tambaya guda da ta tsaya masa a wuya: in ka jefa dutse, wa ke tura shi bayan ya bar hannunka? Sai ya ce iska ce. Watau hannu ya motsa iskar da ke kusa, ita kuma ta miƙa wa ta gabanta, suna ta tura dutsen har abin ya lafa.

Wanda ya fara yi wa wannan bayani kaca-kaca shi ne Yohana Filofonas, wani malami Kirista na Iskandariyya a ƙarni na 6, wanda Larabawa suka sani da suna Yahaya Annahawi. Hujjarsa mai sauƙi ce. In har iska ce ke kai kibiya, me ya sa sai tsirkiya ta taɓa ta? A ɗora kibiya bisa tsinin sanda, a tara mutane su yi ta fifita daga bayanta, a gani ko za ta je ko'ina. Sabo da haka ya ce mai jifa yana zuba wa dutsen wani ƙarfi ne a cikin jikinsa, wanda ke raguwa da kansa sannu a hankali har ya ƙare. Amsar ƙanena ke nan daidai, ba ragi ba ƙari.

Daga nan ilmin ya koma hannun malaman Musulunci. A Bagadaza, Is'haƙa ɗan Hunainu, wanda ya rasu wajen 910, ya fassara littafin Aristotal na ɗabi'a zuwa Larabci, ra'ayoyin Yahaya Annahawi su ma suka shiga hannun masu karatu. Wanda ya fi zurfafawa a cikinsu shi ne Ibn Sina, da aka haifa kusa da Buhara a 980, ya rasu a Hamadan a 1037. Mu a nan mun fi saninsa da likitanci, amma a cikin babban littafinsa Kitabus Shifa ya yi dogon bayani kan motsi. Abin da mai jifa ke bar wa dutse ya kira shi mail, watau karkata. Inda ya saɓa wa Yahaya kuwa shi ne, ya ce wannan karkata ba ta ƙarewa don kanta. Iska ce da sauran abubuwan da ke kan hanya ke cinye ta, da kuwa za a sami sarari fayau wanda babu ko iska a cikinsa, da dutsen ya yi ta tafiya ba tsayawa.

A nan sai mu yi hattara, domin na sha jin 'yan'uwa a wajen muhawara suna cewa ai Niyuton wajen Ibn Sina ya kwashi dokarsa. Wannan wuce gona da iri ne. Ibn Sina bai yarda akwai irin wannan sarari fayau ba, ya kawo misalin ne ma cikin hujjojinsa na cewa ba zai yiwu ba. Har ila yau, a wurinsa akwai wani abu a cikin dutsen da ke riƙe da tafiyar. Abin da ya yi ya isa abin alfahari ba sai an yi masa ƙari ba, domin shi ya juya tambayar: maimakon a nemi abin da ya ƙare a cikin dutse, a nemi abin da ya tare shi a waje.

A ƙarni na 14 wani malamin jami'ar Paris, Buridan, ya zo da irin wannan ra'ayi, ya ƙawata shi da misalai na yau da kullum. Ya ce a dubi dutsen wasa wuƙa na maƙera, wanda ke ta juyawa bayan an sake shi alhali bai bar wurinsa ba, balle a ce iska ta biyo shi daga baya. A dubi kuma jirgin ruwa da ke ci gaba da tafiya bayan masu ja sun saki igiya, wanda ke tsaye a kansa kuwa daga gaba yake jin iska tana bugunsa. Da a ƙasar Hausa yake, ina jin mazarin kaɗi zai kawo.

Duk waɗannan malamai da hankali da muhawara suka yi aiki. Wanda ya shigo da awo shi ne Galileyo na ƙasar Italiya, 1564 zuwa 1642. Labarin da aka fi yaɗawa, cewa ya hau hasumiyar Pisa ya sako ƙwallaye, daga bakin almajirinsa Bibiyani ya fito, babu shi a rubuce-rubucen Galileyo kansa. Abin da shi ya bayyana a littafinsa na 1638 ya fi wannan ban sha'awa. Faɗuwar abu tana da sauri ƙwarai, agogon da zai auna ta kuwa babu shi a lokacin. Sai ya sami dogon katako, ya fafe masa kwari, ya shimfiɗa fata mai santsi a ciki, ya jingine shi, ya riƙa gangaro da ƙwallon tagulla. Lokaci kuwa da ruwa ya auna shi: ruwa na tsiyaya daga wani babban mazubi ta siririn bututu, in ƙwallo ya iso ƙasa sai a ɗora abin da ya taru a kan ma'auni. Ya tarar in ƙwallon ya ci taki 1 a lokaci na farko, a na biyu zai ci 3, a na uku 5, a na huɗu 7. In an tara, 1, 4, 9, 16 ke nan. Ashe jan da ƙasa ke yi wa abu ƙara masa gudu yake yi a kowane lokaci.

Daga nan ya yi wani tunani. Ƙwallo mai gangara gudunsa ƙaruwa yake yi, mai hawa kuma raguwa. To, wanda ke kan shimfiɗaɗɗen wuri mai santsi, ba hawa ba gangara, me zai rage masa gudu? Babu. Sai dai shi Galileyo ya ɗauka irin wannan tafiya kewaya duniya za ta yi. Dekat, Bafaranshe, shi ya miƙar da ita a littafinsa na 1644, kuma da majajjawa ya kafa hujja. Duk yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gonar gero ya san cewa komai yawan juyin da ka yi wa dutse a majajjawa, da ka saki igiya ɗaya miƙewa zai yi, ba zai ci gaba da kewaya ba.

Niyuton, wanda aka haifa a Ingila a 1642 bisa kalandar da suke amfani da ita a lokacin, shi ya tattara wannan duka a littafinsa Principia na 1687, wanda abokinsa Edmon Hali ya biya kuɗin bugawa. Da dokarsa ta farko ya kashe tsohuwar tambaya gaba ɗaya: babu mai tura dutse bayan ya bar hannu, kuma ba ya bukatar kowa. Ta biyu ta ce aikin turi ko ja shi ne sauya tafiya, ko a ƙara mata gudu, ko a rage, ko a karkatar da ita, kuma gwargwadon yawan jikin abu gwargwadon wuyar sauya shi. Ta uku ta ce duk abin da ka tura shi ma yana tura ka daidai wa daida, shi ya sa bindigar toka ke harbin kafaɗar maharbi. Ɗan gajeren lissafin nan na haruffa uku da yara ke haddacewa kuwa ba haka Niyuton ya rubuta shi ba, Oila ne, wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, ya shimfiɗa shi a irin wannan siga wajen 1750.

Amalanken mai ruwa, ashe, gogayyar taya da ƙasa da ta ƙarfe da ƙarfe ce ke tsayar da shi. Inda babu gogayya, ga kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, ya wuce duniyoyin da ke kewaya rana da gudun kimanin kilomita 17 a daƙiƙa, ba tare da injin da ke tura shi gaba ba. A 1971 kuma ɗan sama jannati Dauda Skot ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda babu iska, suka dira tare.

Abin da ya shafe mu mu ɗaliban Hausa a cikin wannan labari shi ne harshe. Galileyo ya bar Latinanci ya rubuta manyan littattafansa da Italiyanci don mutanen gari su karanta. Ibn Sina ma, ban da na Larabci, ya rubuta wa sarkin Isfahan littafin Danishnama da Farisanci, ya ƙago kalmomi inda babu. Mu kuwa har yanzu kalma ɗaya, ƙarfi, ita muke ɗora wa kaya huɗu: turi ko jan da ake yi wa abu, da abin da mai ko abinci ke bayarwa a yi aiki da shi, da saurin yin aikin, da kuma ƙwarin abu. Turanci kowanne da sunansa. Na biyun shi ne ake kashewa kamar kuɗi, na farkon kuwa ba a ajiye shi a cikin abu balle ya ƙare. Yaron da ya ce ƙarfi ya ƙare ya haɗa biyun ne, kuma harshensa bai ba shi abin da zai raba su ba.

Halin nan na abu na ƙin sauya yanayinsa, asalin sunansa a Latinanci yana nufin ƙyuya. Ni ban so mu ɗauko ƙyuya ba, domin Bahaushe in ya ji ta mai kwanciya yake gani, alhali dokar ta haɗa har da mai gudu da ya ƙi tsayawa. Na fi son naci. Na gwada ta a kan ƙanena da misalin fasinja da ke faɗawa gaba in direba ya taka birki, na ce mota ta tsaya amma jikinsa ya nace da tafiya, ya kuwa gane nan take. Sauran kalmomin ukun na kai su gaban kwamitin ƙungiya, za a tattauna su a zaman farko bayan hutun tsakiyar zango, kuma an gayyaci ɗalibai biyu daga sashen kimiyya.