Tarihin Mutanen Cahuilla da Harshensu

Cahuilla 'yan asalin Amurka ne, mazauna hamada da duwatsun kudancin jihar Kalifoniya, daga kwarin Coachella zuwa tsaunukan San Jacinto da Santa Rosa. Harshensu, Ivilyuat, ɗan gidan Uto-Aztecan ne, dangi ɗaya da Cupeño da Luiseño.

Kan masana ya rabu a kan yawansu kafin zuwan Turawa. Alfred Kroeber ya ce 2,500 ne a wajajen 1770, Lowell Bean kuwa ya kai su 6,000 zuwa 10,000. Maganar Bean ta fi kama hankali, domin ya yi shekaru yana ji daga bakin dattawansu.

Ayarin Sifaniyawa ƙarƙashin Juan Bautista de Anza ya ratsa ƙasar a 1774, amma Sifaniyawa ba su zauna musu sosai ba. Da Amurkawa masifa ta zo. Yarjejeniyar da aka ƙulla da su a Temecula a 1852, Majalisar Dattawan Amurka ta ƙi amincewa da ita. A 1863 agana ta yi musu kaca-kaca, har ta tafi da shugabansu Juan Antonio. Da aka keɓe wa Cahuillan Agua Caliente ƙasa a 1876, yanka ta aka yi kamar gidajen dara: wannan nasu, na kusa na kamfanin jirgin ƙasa.

Abin da ya karya harshen shi ne makarantun kwana irin su St. Boniface a Banning da Sherman a Riverside, inda aka hana yara magana sai da Turanci. Ƙidayar 1990 ta samu mutum 35 kacal masu jin sa.

Da ba don Katherine Siva Saubel ba, da asarar ta fi haka nesa ba kusa ba. An haife ta a 1920, Ivilyuat ta fara sani kafin Turanci. Tana cikin waɗanda suka kafa gidan tarihi na Malki a Morongo a 1964. Ita da Bean suka wallafa Temalpakh a 1972, littafin da ya tattara sunayen tsirrai da yadda ake ci ko magani da su. Ta yi aiki da Hansjakob Seiler, wanda ya fitar da nahawun harshen a 1977, ƙamus ya biyo baya a 1979. Ita da Pamela Munro suka yi littafin koyo a 1981. Ta rasu a 2011.

Yau ana koyar da harshen a Jami'ar Kalifoniya da ke Riverside.