Asalin 'Yan Mutum-mutumin Tagulla na Kumasi

Wanda ya zaga wajen masu sayar da kayan tarihi a Kumasi, ba zai rasa ganin waɗansu 'yan siffofi na tagulla ba, waɗanda ba su wuce tsawon ɗan yatsa ba: ga maharbi da bindigarsa, ga mace na daka, ga tsuntsu ya waiwaya baya. Yau ado ne a kan kanta. Amma asalinsu duwatsun awo ne, Tonawa, wato mutanen Asante, na kiransu abrammuo.

A zamanin da, kuɗin ƙasar Asante garin zinariya ne. Ko doya mutum zai saya, sai an kafa mizani. Wajen shekara ta 1400, Wangarawa fatake suka riƙa saukowa daga ƙasar Mali zuwa kasuwar Begho neman zinariya, suka zo da awon Musulmi, wato miskali, mai nauyin kusan giram 4.5. A kansa mutanen ƙasar suka gina nasu awon. Duwatsun farko ba su da siffar komai sai zane-zane. Daga baya, musamman bayan da Sarki Osei Tutu ya ci Denkyira da yaƙi a 1701, maƙeran fari suka taru a Kumasi, suka shiga zuba mutane da dabbobi.

Kowace siffa da maganarta. Kada biyu masu ciki ɗaya gargaɗi ne ga 'yan'uwa masu faɗa kan abinci, alhali tumbi guda za shi. Tsuntsu mai waiwaye kuwa, wanda suke kira sankofa, Bahaushe ma ya san zancensa, tunda shi ya ce waiwaye adon tafiya.

Ga yadda ake zubin. Maƙeri zai murza kakin zuma ya fitar da siffar, har gashin kai da zaren kaki yake yinsa. Sai ya shafe ta da yumɓu mai laushi haɗe da garin gawayi, ya ƙara wani mai kauri, ya liƙa mata ɗan kasko cike da guntayen tagulla. A cikin wuta kakin zai ƙone ya bar gurbinsa. Da tagullar ta narke sai ya kife abin, ta kwarara ta cika gurbin. In ya huce sai a fasa yumɓun. Shi ya sa ba a samun biyu iri ɗaya sak, don kowace siffa sai an fasa gidanta kafin ta fito. Wani lokaci ma ba a bukatar kaki: ƙwaro ko gyaɗa ake lulluɓewa da yumɓu, wuta ta cinye, tagulla ta gaje wurin. In nauyi ya yi yawa a goge da magagari, in ya gaza a ƙara dalma.

Mai saye da nasa duwatsun, mai sayarwa da nasa, kowa ya auna har hankali ya kwanta. Uba kan haɗa wa ɗansa mizani da 'yan duwatsu idan ya isa shiga kasuwa.

A 1896 Turawan Ingila suka shiga Kumasi suka kama Sarki Prempeh na Ɗaya. Ba a jima ba kuɗin Bature suka kori garin zinariya, mizani ya koma jaka. Sai dai hannu bai manta ba. Maƙeran Krofofrom, kusa da Kumasi, har yau suna narka tsofaffin kwaɗo da kan famfo, suna zuba wa masu son ado.

Saboda haka, in ka ɗauki ɗaya a tafin hannunka, ka ji nauyinsa kafin ka yaba kyansa. Da irinsa aka auna amana tsakanin baƙo da ɗan gari shekaru wajen 500.