Tsunami

Tsunami kalma ce da ake amfani da ita a Turanci wajen nufin jerin manyan igiyoyin ruwa da ke tasowa idan wani abu ya motsa ruwan teku farat ɗaya, kamar girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku, aman wutar dutse, ko zaftarewar ƙasa. Turanci ya aro kalmar ne daga Japananci.

Asali

A Japananci ana rubuta kalmar 津波. Ta ƙunshi sassa biyu: tsu, wato tashar jiragen ruwa, da nami, wato igiyar ruwa. Ma'anarta ke nan "igiyar tashar jiragen ruwa". Sunan ya dace da halin wannan igiya. A tsakiyar teku ba ta da tsayi sosai, har masunci na iya wucewa ta kanta bai sani ba, duk da cewa gudunta na iya kai kilomita 800 a awa guda. Sai ta iso gaɓa, inda ruwa ba shi da zurfi, sannan ta rage gudu ta yi tsiri, ta afka wa gari.

Shigowarta Turanci

Kalmar ta fara fitowa a rubutun Turanci bayan bala'in gaɓar Sanriku a Japan, ranar 15 ga Yuni, 1896, wanda ya hallaka kimanin mutum 22,000. Kafin nan Turawa kan ce "tidal wave", sunan da ke danganta igiyar da cikowa da janyewar teku da ƙarfin wata da rana ke haddasawa. Masana kimiyya sun ƙaurace wa wannan suna domin babu alaƙa tsakanin abubuwan biyu, kuma kuskuren na iya yaudarar mazauna gaɓa. Janyewar ruwa ba zato ba tsammani na daga cikin alamun tahowar tsunami.

Kalmar ta game duniya bayan bala'in Tekun Indiya na ranar 26 ga Disamba, 2004, wanda ya kashe fiye da mutum 220,000. A 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 5 ga Nuwamba a matsayin ranar wayar da kai kan tsunami.

Furuci

Kalmomin Turanci na asali ba sa farawa da sautin ts, shi ya sa masu magana da yawa kan yar da t ɗin su ce "sunami". Rubutun Hausa yana da ts, kamar a tsuntsu da tsamiya, amma sautin Hausa tunkuɗau ne, ya bambanta da na Japananci.