Digiri na uku a Arewa: aiki tukuna, karatu daga baya

Jama'a, duk mai bibiyar tallar guraben digiri na uku a Suwidin ko Holan ya san yadda suke yi: kimiyyar sinadarai, lissafi, ƙwayoyin cuta, shekara huɗu, kuma da albashi, don a can ɗalibin ma'aikaci ne. Mu 'yan mastas sai mu yi ta cewa, to me ya hana namu? Ni dai a ganina amsar tana cikin tarihi.

Binciken kimiyya a Arewa ya girmi jami'a. Turawa sun buɗe tashar gwajin noma a Samaru a 1922, hankalinsu na kan auduga da gyaɗa. Da aka kafa ABU a 1962, tashar ta koma ƙarƙashinta a matsayin IAR. Masu binciken nan ma'aikata ne tun farko, kuma jami'a ta bi wannan hanyar: ta riƙe ɗalibin da ya yi fice, ta ɗauke shi mataimakin malami, sannan ta tura shi ƙaro karatu.

Bayan SAP ɗin Babangida a 1986 naira ta faɗi, ɗakunan gwaji suka bushe, malamai suka yi ta ficewa. Yajin aikin ASUU na 1992, lokacin Attahiru Jega na shugabanta, shi ya haifar da dokar harajin ilimi ta 1993, kashi 2 cikin 100 na ribar kamfanoni. Asusun nan ne ya zama TETFund a 2011. Ya yi aiki fa, ba ƙarya. Amma kuɗinsa na karatu na malaman manyan makarantun gwamnati ne kawai, kuma makarantarka ce za ta miƙa sunanka. Ba ka da takardar ɗaukar aiki? To kai ɗan kallo ne, ko da sakamakonka ya fi na kowa.

Gombe ta ci moriyar tsarin. An buɗe jami'ar jiha a Tudun Wada a 2004, marigayi Farfesa Abdullahi Mahadi na shugabanta, ta Kashere ta biyo a 2011. Sabuwar jami'a na buƙatar malamai, sai aka ɗebi matasa. Yayyenmu a nan Dawaki da suka je Malesiya ko Ingila suka dawo da "Dakta", ta wannan ƙofar suka bi. Mu kuwa mun tarar kujerun a cike. Daga Janairun 2025 ma TETFund ta dakatar da tura malamai waje, saboda tsadar dala da masu tafiya su ƙi dawowa.

Inda na ga an ɗan sauya salo shi ne cibiyoyin da Bankin Duniya ya tallafa tun 2014, kamar ta noman ƙasa mai ƙarancin ruwa a BUK, da ta cututtukan da aka yi watsi da su a ABU. Su suna tallata gurbi, ɗalibi ya nema da kansa, har daga maƙwabtan ƙasashe, ba sai yana malami ba. Wallahi shi ne mafi kusa da abin da muke sha'awa. Sai dai kuɗin rance ne mai wa'adi, ba kasafin jami'a ba, don haka kafin ka cike fom, tambayi wa zai biya kuɗin kayan gwajinka a shekara ta uku.