Bashin da ke Ƙarƙashin Himalaya

Hasumiyar Dharahara da ke birnin Katmandu ta rushe sau biyu a cikin shekara 81. Firaministan Nepal Bhimsen Thapa ne ya gina ta a 1832. Girgizar ƙasar 15 ga Janairun 1934 ta kayar da ita, hawa biyu kawai suka rage. Aka sake gina ta, sai girgizar 25 ga Afrilun 2015 ta sake kayar da ita, da masu yawon buɗe ido a cikinta.

Abu ɗaya ne ya kayar da ita duka biyun. Ɓangaren ɓawon duniya da ke ɗauke da Indiya yana kutsawa ƙarƙashin na Asiya, kuma wannan turereniyar ce ta ɗaga tsaunukan Himalaya tun asali. A kowace shekara ana matse tsaunukan da kimanin santimita 2. Sai dai tsagar da ke tsakanin ɓangarorin biyu a maƙale take, ba ta zamewa a hankali. Matsin yakan taru shekara da shekaru, sannan ya kuɓuce cikin minti ɗaya ko biyu.

Ta 1934 ta kai kusan maki 8, ta kashe fiye da mutum 10,000 a Nepal da jihar Bihar ta Indiya, ta ragargaza garuruwan Munger da Muzaffarpur. Gandhi ya ce horo ne daga Ubangiji saboda wariyar da ake yi wa 'yan ƙasƙantaccen jinsi. Marubuci Tagore ya fito fili ya ƙi yarda da shi. Masana kuwa sun shafe kusan shekara 80 suna ɗaukar cewa tsagar ba ta fasa doron ƙasa ba a ranar. Sai da aka haƙa ramuka a gindin tsaunuka a kudancin Nepal aka ga tabonta a cikin laka da tsakuwa, tare da wani tabon da ya girme shi, wanda aka danganta da girgizar 1255, wadda tarihin Nepal ya ce ta kashe Sarki Abhaya Malla.

Nan ne ya fi ɗaukar hankalina. Na'urorin auna girgiza ba su wuce shekara ɗari da 'yan kai da fara aiki ba, alhali tsagar kan yi ƙarni biyar ko bakwai kafin ta maimaita kanta a wuri ɗaya. Duk mai rubuta manhaja ya san haɗarin yanke hukunci a kan tsarin da bai ga ya kammala zagaye ko ɗaya ba. Dole aka koma ga littattafan fada, da rubuce-rubucen gidajen ibadar Tibet, da shebur.

Ta 2015 mai maki 7.8 ta kashe kusan mutum 9,000, ta binne ƙauyen Langtang da ƙanƙara da duwatsu. Ranar Asabar ce, makarantu a rufe, in ba haka ba da adadin ya fi haka. Amma ba ta biya bashin duka ba: zamewar ta tsaya a ƙarƙashin ƙasa, ba ta iso doro ba, ta tura matsin zuwa kudu.

Yammacin Nepal ya fi ban tsoro. Rabon yankin da babbar girgiza tun watan Yunin 1505. Lissafin bai da wuya: santimita 2 sau shekara 500, mita 10 ke nan na zamewar da ke jiran lokacinta. Girgizar Jajarkot ta 3 ga Nuwamban 2023 ta kashe fiye da mutum 150 a yankin, yawancinsu suna barci a gidajen dutse da laka, wasu suka ɗauka ta rage nauyin. Ba ta rage wani abin kirki ba. Kowane maki ɗaya a ma'aunin yana ninka ƙarfin girgiza kusan sau 32, don haka sai an yi irin ta Jajarkot sau dubbai kafin a kamo ƙarfin guda ɗaya mai maki 8.