Gidan Abincin da Ya Ci Sunan Waɗanda Aka Ƙona

Maƙalarmu ta wannan mako za ta kai mu Edinbara, babban birnin Sikotland.

Dab da ƙofar tsohuwar fadar birnin, a kan tudun Castlehill, akwai gidan abinci mai suna The Witchery, wato wurin mayu. James Thomson ne ya buɗe shi a 1979, a cikin wani gini da aka yi wa ɗan kasuwa Thomas Lowthian tun 1595. Hasken kyandir ake ci da shi, bangon an lulluɓe shi da tsohon katako mai sassaƙa, kujerun na jar fata ne. Ana kawo naman shanun Angus, da kayan teku, da haggis, abincin gargajiyarsu da ake haɗawa da kayan cikin tunkiya. Wuri ne na masu hannu da shuni, ango da amarya ma can suke zuwa.

To, daga ina sunan ya samo asali?

A 1563 majalisar Sikotland ta kafa dokar da ta tanadi kisa ga mai maita. A 1590 guguwa ta addabi jirgin Sarki James na Shida a hanyarsa ta dawowa daga Denmak da amaryarsa Anne, sai aka ce aikin mayu ne. Cikin waɗanda aka kama akwai Agnes Sampson, ungozoma mai ba da magani. Aka aske mata kai, aka ɗaure shi da igiya ana murɗawa, har ta amsa abin da ake so ta amsa. Sarkin da kansa ya yi mata tambayoyi. A Janairun 1591 aka shaƙe ta, aka ƙona gawarta a Castlehill, taku kaɗan daga inda teburan nan suke a yau. Shi kuwa sarki, a 1597 ya wallafa littafi sukutum kan farautar mayu.

Ba a soke dokar ba sai 1736. Binciken Jami'ar Edinbara ya ƙirga mutum 3,837 da aka zarga, kashi 84 cikin ɗari mata ne. Sai ranar 8 ga Maris, 2022 shugabar gwamnatin Sikotland, Nicola Sturgeon, ta nemi afuwa a hukumance.

A jikin wani bango kusa da gidan abincin akwai ɗan famfon ƙarfe da aka ƙera a 1894 don tunawa da su. Ƙanƙantarsa ta sa sau da yawa baƙo yakan wuce bai lura ba. Amma allon gidan abincin, kowa na ganinsa.

Nan ne abin yake a gare mu. Kalmar da ta ci ran Agnes, bayan shekara ɗari huɗu ta koma ado mai jawo ciniki. Wanda zai rubuta wannan wuri, in ya tsaya kan kyandir da ƙamshin nama, ya rubuta talla. In ya zage masu cin abincin, ya yi zalunci, domin ba su suka hura wutar ba. Aikinsa shi ne ya ajiye teburin da tudun a shafi ɗaya, ya kira matar da sunanta.

Kafin ka siffanta kowane tsohon gini a labarinka, tambayi wa ya taɓa yin kuka a ƙofarsa.